Shin Bado Yana Da Haƙƙi A Kanmu?

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu a ƙarshen damina, ya kuma yi sammako, to in ya wuce Zauro da Ambursa ya ɗan ratse hagu ya gangara fadama, zai ga abin da zai daɗe bai manta ba. A wannan lokaci ruwan gulbi ya riga ya fantsama ya cika kowane kwari, tafkuna sun lulluɓe da ganyen bado a shimfiɗe kamar an jera faya-fayai, fararen furanninsa kuwa, waɗanda suka buɗe tun cikin dare, suna nan tsaye bisa ruwa, sai hantsi ya ɗaga sannan su tsuke baki. A gefe ga kainuwa tana yawo duk inda iska ta kai ta, ga duman rafi ya malale bakin gaɓa da furensa, ga jema ta yi tsawo har ta ɓoye mai jirgi. Haka muka taso muka iske fadamar Kabi. Yau kuwa da yawa daga cikin waɗannan tafkuna an cike su ko an janye ruwansu, an yanka wurin fangali-fangali an dasa shinkafa, ƙarar injin ban ruwa ta danne kukan kwaɗi. Matashin da ke tafe da tankin feshi goye a bayansa, in ka tambaye shi me yake kashewa, kalma ɗaya zai ba ka amsa da ita, ya ce ciyawa.

'Yan'uwa marubuta, wannan kalma ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Tambayar da muke son mu yi nazari a kanta ita ce, shin tsiron da ba mu shuka ba, ba ma sayar da shi, ba ma kuma ganin wani amfaninsa a gare mu, yana da wani haƙƙi a kanmu? Ko kuwa duk abin da ya tsaya tsakaninmu da buhun shinkafa mun sami izinin kawar da shi ke nan daga doron ƙasa, ba tare da wani ya tuhume mu ba?

Kafin mu ci gaba, adalci ne mu fara ba manomi dama ya faɗi nasa, domin hujjarsa tana da ƙarfi, kuma duk marubucin da ya raina ta bai san yunwa ba. Manomin fadama yana da iyali, yana da bashin taki, yana da 'ya'yan da za a biya wa kuɗin makaranta. Tun daga farkon shekarun 1990, lokacin da shirin Fadama ya yawaita ƙananan injunan ban ruwa da rijiyoyin da ake haƙawa cikin fadama, noman rani ya zama abin da ya tsamo gidaje da yawa daga tafiya cin rani. A watan Nuwamba na 2015 a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa na Babban Bankin Nijeriya, a 2016 shinkafar Kebbi ta shiga kasuwar Legas da sunan Lake Rice, aka kuma kafa manyan masana'antun casa a Argungu da Birnin Kebbi. Mutumin da a da ya kan kulle ɗakinsa ya tafi Kurmi da zarar an gama girbi, sai ga shi yana noma sau biyu a shekara a ƙofar gidansa. In muka je muka ce da wannan bawan Allah ya bar tafki saboda fure, zai dube mu ya tambaye mu ko ana tuƙa tuwo da fure. Kuma ba za mu ce ya yi rashin hankali ba.

Sai dai akwai abin da ya kamata mu tuna masa, mu kuma tuna wa kanmu. Ana tuƙa tuwo da bado. Kakanninmu sun yi. Bayan furen ya nutse ya kan ƙulla 'ya'ya masu ƙananan ƙwayoyi waɗanda ake shanyawa a daka, a ƙarƙashin laka kuma akwai saiwarsa mai kama da ƙaramin dankali, wadda ake dafawa ko a gasa. A shekarun da abinci ya yi wuya a ƙasar Hausa, irin su yunwar Kakalaba ta 1914 da 'Yar Buhu ta 1927, da kuma farin 1973 da na 1984 waɗanda dattawanmu ke tunawa sarai, abin da ya riƙe talaka har sabon hatsi ya nuna shi ne abin da muke kira ciyawa a yau: tafasa, da lalo, da yaɗiya, da gasaya, da 'ya'yan anza da sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin ɗacinsu ya fita, har ma da ƙwayar ƙarangiya, wadda a lokacin ƙoshi ba abin da muka sani nata sai maƙale wa mutum a wando. Wato daji da fadama rumbu ne na biyu, wanda ba shi da ƙofa balle makulli, kuma matar da mijinta ya rasu da marayan da ba shi da gona su ne suka fi kowa sanin hanyarsa. Idan muka ce tsiro ba shi da amfani, sau da yawa abin da muke nufi shi ne ba shi da amfani ga mai ƙoshi, a wannan shekarar.

Akwai kuma amfanin da ba mu gano ba tukuna. A cikin fadamun Afirka ta Yamma, har da namu, akwai shinkafar daji wadda ke tsirowa da kanta, manomi na ganin ta a matsayin annoba domin ta kan shige cikin shukarsa ta danne. Daga irin wannan shinkafar daji da aka ɗebo a ƙasar Mali ne masana suka gano wata ƙwayar halitta mai hana cutar ƙunar ganye kama shinkafa, aka shigar da ita cikin shinkafar gida a cibiyar binciken shinkafa ta duniya da ke Filifin, sannan a 1995 masana a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka suka ware ita ƙwayar kanta. Haka nan jar shinkafar nan ta gargajiya, wadda aka fara nomawa a kwarin kogin Kwara shekaru dubbai da suka wuce, wadda wasu ire-irenta ke ƙara tsawo gwargwadon yadda ambaliya ke hauhawa, an daɗe ana yi mata kallon abincin ƙauye saboda ba ta da yawan amfani kuma ta kan kakkaɓe kafin a yanke. Amma ita ce wani masani ɗan ƙasar Saliyo, Monty Jones, ya haɗa da shinkafar Asiya a shekarun 1990 ya fitar da irin da ake kira Nerica, aikin da ya sa aka ba shi babbar kyautar abinci ta duniya a 2004. Da a ce manoman da suka riƙe tsohon iri sun watsar da shi tun ranar da farar shinkafa ta iso, da bai sami abin da zai yi aiki da shi ba.

To, a nan ne mafi yawan masu kiran a kare tsirrai suke tsayawa, su ce a bar su domin wataƙila gobe za su yi amfani. Mu kam wannan hujja ba ta ishe mu ba. Hujjar kasuwa ce har yanzu, an dai ɗaga ranar ciniki ne kawai. In mun yarda da ita ita kaɗai, to duk ranar da wani masani ya zo ya tabbatar mana cewa wance ciyawa ba ta magani, ba a ci, dabba ma ba ta kula ta, shi ke nan mun sa hannu a kan takardar hukuncin kisanta. Kuma akwai irin waɗannan da yawa, ƙananan furanni da ke fitowa mako biyu ko uku bayan ruwan farko su ɓace, waɗanda ko sunansu ba kowane tsoho ya sani ba. Su ne ainihin abin tambayarmu.

Wani zai ce to a bar su saboda kyau. Mu marubuta wannan magana ta fi saurin shiga ranmu, amma ita ma ba ta tsayawa da ƙafarta. A duk gonakin ƙasar nan da wuya a sami furen da ya fi na ƙuduji ɗaukar ido, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Idan ya rufe gona sai ka ce an shimfiɗa sabon zane. Alhali kuwa a ƙarƙashin ƙasa ya kafa baki a saiwar gero ko dawa yana tsotse ta, kuma gonar da ya yi wa ado mai ita ba zai cika rumbu ba. Ɗan ƙasa ne, ba wanda ya kawo shi, duk da haka ba mai hankalin da zai ce manomi ya bar shi cikin shuka. Haka kuma akwai wata baƙuwar ciyawar ruwa mai shuɗin fure, 'yar asalin Kudancin Amurka, wadda saboda kyawunta aka riƙa ɗaukar ta daga ƙasa zuwa ƙasa, ta shigo ruwan Legas a 1984, daga baya ta bayyana a kogin Kwara tana toshe hanyar jirage da wurin jefa taru. Ashe ke nan kyau ba ma'auni ba ne, zama ɗan ƙasa ma bai wanke tsiro daga laifi ba.

Abin da muke gani shi ne, an daɗe ana cakuɗa abubuwa biyu waɗanda ya kamata a raba: yin amfani da abu, da kuma ƙarar da shi. Allah ya hore mana ƙasa, ya halatta mana mu sassabe, mu nome, mu yanka, mu ci. Wanda ya cire ƙuduji daga gonarsa bai yi zalunci ba, wanda ya share bado daga fangalinsa shi ma haka. Amma wanda ya yi sanadin da iri guda ya ƙare ƙaƙaf daga wata ƙasa ya taɓa abin da ba a ba shi ba. Wannan bambanci ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Idan aka ba mutum aron gona, zai noma ta ya kwashe amfaninsa, amma ɗorawa ko tsamiyar da ya iske a ciki ba shi da ikon sare ta, domin ta mai gona ce da magadansa. Mu kuwa duka masu aro ne. An sanar da mu cewa mu wakilai ne a bayan ƙasa, an kuma sanar da mu cewa kowace halitta tana tasbihi ga Mahaliccinta ta hanyar da kunnenmu ba ya ji. Wanda ya gaskata haka ba zai iya cewa darajar tsiro ta tsaya ga abin da ɗan Adam zai samu a jikinsa ba. Mu dubi Haramin Makka, inda aka hana sare itace da cire ɗanyar ciyawa, in ban da izhiri da aka yi rangwame a kansa saboda buƙatar mutanen garin. A wannan hukunci ba a tambayi amfanin ciyawar ba kafin a kare ta, kuma duk da haka an bar wa mabuƙaci ƙofa.

Wahalar da ke cikin lamarin ita ce, ba wanda ya taɓa tashi da niyyar ƙarar da bado. Kowa ɗan abin da ke gabansa ya share. Wannan ya cike kwarin da ke bakin gonarsa, wancan ya fesa magani ruwa ya kwashe ya kai tafkin maƙwabci, wani ya sare giyayyar bakin gulbi ya yi gawayi domin ya sayi maganin ɗansa, ko wannensu kuma yana da uzurin da alƙali zai karɓa. Wani ɓangaren ma daga nesa ya zo. Madatsar Bakolori da aka gina kan gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara a 1978, da ta Goronyo kan gulbin Rima a 1984, sun canza yadda ruwa ke isowa Argungu da Birnin Kebbi. Tsirran fadama kuwa da wannan zuwa da komawar ruwa suka saba: saiwar bado ta kan kwanta cikin busasshiyar laka duk tsawon rani tana jiran ambaliya, ƙananan kifaye kuma cikin inuwar ganyensa da cikin ciyawar da ruwa ya shanye suke ɓuya har su yi ƙwari. In ruwa ya ragu ko ya zo ba a kan lokaci ba, wasu su mutu. In kuma ya tsaya wuri ɗaya shekara zagaye, sai iri guda ya cinye sauran. Mutanen fadamar Haɗeja da Nguru sun ga haka da idonsu, domin bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 kachala ta mamaye musu hanyoyin ruwa da gonaki. Wa za a kama a ce shi ne? Injiniyan da ya zana madatsa yana neman ciyar da jama'a ne, kamar dai manomin da muka fara da shi.

Laifin da aka yi tarayya a kansa irin haka, wa'azi ga mutum ɗaya ba ya maganinsa, sai jama'a sun yi wa kansu iyaka. Magabatanmu sun san wannan. Kalmar hurumi da muke amfani da ita tana nufin filin da ke kewayen gari wanda ba na kowa ba ne kuma na kowa ne, kuma malaman fiƙihu sun yi bayanin cewa mai raya matacciyar ƙasa ba shi da ikon shiga wurin da mutanen gari ke kiwo da yin itace. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'i kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kebbi a 1805, wanda kuma kabarinsa ke Gwandu, ya rubuta littafi sukutum kan hanyoyin mallakar matacciyar ƙasa, mai suna Ta'alimur Radi. A nan ma sai mu ɗan tsaya mu yi mamakin harshe, domin ƙasar da ake kira matacciya saboda ba a sa mata garma ba, sau da yawa ta fi gonar da aka fesa wa magani yawan abu mai rai.

Misalin da ya fi kusa da mu yana Argungu. Duniya ta san bikin kamun kifi, wanda aka faro a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, wanda kuma hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Baƙi suna zuwa kallon dubban masunta da homa da gora suna rugawa cikin ruwa, amma abin da ya fi burge mu shi ne watannin da ba kowa a wurin. Ana samun manyan kifaye a Matan Fada ranar biki ne saboda an hana su a can kafin ranar, Sarkin Ruwa da mutanensa suna tsare da wurin, masunci kuma yana wucewa da yunwarsa bai jefa taru ba. Kabawa sun yarda su hana kansu wani yanki na gulbi domin kifi ya wanzu. Abin da muke tambaya shi ne me zai hana kowane gari da ke bakin fadama, daga Augie har Bunza, ya bar tafki ɗaya da ɗan abin da ke kewaye da shi, ba noma ba feshi, a sa shi hannun masu unguwa da sarakunan ruwa kamar yadda aka sa Matan Fada? Tafki ɗaya ba zai rage wa jihar Kebbi sunanta a noman shinkafa ba.

Amma fa kada mu yi saurin tafa wa kanmu. Tafkin nan da za a bari yana bakin gonar wani, kuma galibi ba gonar attajiri ba ce. Idan amfanin na kowa ne, har da jikokin mutanen birni da masanan ƙasashen waje da za su zo neman iri, to rashin adalci ne a ɗora wa talaka guda ɗaya kuɗinsa. Ko a musanya masa da wani fili, ko a biya shi, ko a bar masa da matan garin damar ɗibar 'ya'yan bado da yankan jema na saƙa gwargwadon da ba zai kashe wurin ba. Kariyar da za ta zo da ɗan sanda ta kori mai tsintar ganye, ta bar mai babbar motar ɗaukar itace ya wuce, ba ita muke kira ba. Mun ga irinta a gandun daji da dama, mun kuma ga yadda ta ƙare.

Sannan akwai bambanci tsakanin dasawa da bari, wanda hukumomi ba su cika lura da shi ba. Shekara da shekaru ana bikin dashen itace, a kawo dogon yaro da turare a jera, a ɗauki hoto. Ba mu raina dogon yaro ba. Tun da Turawa suka kawo shi daga Indiya ya yi wa garuruwanmu inuwa, kuma ba wanda ya zauna ƙarƙashinsa da azahar a watan Afrilu zai zage shi. Sai dai ba ya maye gurbin gawo, wanda ke zubar da ganyensa da damina ya bar wa gero rana da taki, ya kuma tofo da rani lokacin da dabba ba ta da abin ci. Ba ya maye gurbin kanya ko ɗinya ko aduwa. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun bi wata hanya. Daga 1983, da ƙarfafawar wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, manoma suka daina ƙone kututturen sabara da kalgo da gawo da ke tofowa cikin gonakinsu, sai su zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su sassabe sauran. Da wannan ɗan aiki aka farfaɗo da itatuwa a kimanin hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram. Saiwar tana nan a ƙasa da ranta tun can, hannu kawai aka ɗage mata.

Yanzu sai mu juyo kanmu, domin mujallar nan ta marubuta ce, ba ta malaman gona ba. Mu ma muna da hannu cikin wannan ɓarna, kuma namu ya fi ban kunya saboda ba yunwa ta sa mu ba. Mu buɗe littattafan da muka riƙa rubutawa tun daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa yau, mu ƙirga sau nawa saurayi ya sadu da budurwa a cikin lambu mai fulawoyi kala-kala, sau nawa aka kamanta fuskarta da furen da marubucin kansa bai taɓa gani ba sai a jikin katin gaisuwa ko a fim ɗin Indiya. Sannan mu nemi wurin da aka ambaci jan furen gurjiya da ke faɗowa daga itacen da ba ganye a tsakiyar rani, ko ruwan ɗorawar furen marga, ko ƙamshin bagaruwa da yamma. Mun taɓa zama da wasu matasa masu sha'awar rubutu, dukkansu haifaffun bakin gulbin nan, muka ce kowa ya rubuta sunayen tsirran daji ashirin da zai iya nunawa da yatsa. Mafi yawansu ba su kai goma ba. Kakar kowannensu kuwa, wadda ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, za ta lissafa abin da ya ninka haka sau da yawa, ta faɗi watan fitowar kowane da abin da yake yi.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce ga harshe. Yara da yawa suna cewa rawaya suna nufin launi, ba su san rawaya tsiro ce ba, wadda ke fitar da furenta dab da ƙasa bayan an ƙona daji, wadda kuma daga saiwarta ake samun rinin da ya ba launin suna. Muna cewa ruwan ɗorawa, muna cewa ruwan makuba, duka daga itace guda. Muna cewa inuwar giginya na nesa ka sha, muna yi wa wanda ya tashi ba da taimakon kowa ba kirari da kainuwa dashen Allah. Garin Kalgo, inda Jami'ar Tarayya take, sunan itace yake ɗauke da shi. Ranar da aka haifi yaron da bai taɓa ganin yadda giginya ke jefa inuwarta can nesa da gindinta ba, karin maganar zai zama masa haddar makaranta kawai. Abin kunya ne kuma a ce har yau wanda ke neman sunayen tsirranmu a rubuce sai ya koma ga aikin wani likitan Turawa, J. M. Dalziel, wanda ya buga ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa a 1916. Ya yi aiki mai kyau, ya kuma ci ladarsa, har sunan ararrabi na Latin yana ɗauke da sunansa. Mutanen ƙauyen da suka zauna suka karantar da shi kuwa, ba wanda ya san ko su wane ne.

Mutum ba ya jin zafin rashin abin da bai san sunansa ba. Matashin nan mai tankin feshi ba mugu ba ne. An miƙa masa kalma ɗaya ce a wurin da kakansa ke da ɗari, kuma da kalma ɗaya ba yadda za a yi ya bambance abin da ya halatta ya kashe da abin da ya kamata ya tsallake. Maido masa da sauran kalmomin aikinmu ne, kuma ba ya buƙatar izinin gwamna ko kuɗin wata hukuma.

Saboda haka muna roƙon editocin wannan mujalla su keɓe shafi ɗaya a kowace fitowa, mu kuma membobi mu cika shi. Kowa ya zaɓi tsiro guda na garinsu, ya je ya gan shi da idonsa inda yake tsirowa, ya zauna da tsohuwa ko makiyayi ko masunci ko mai magani, ya rubuto sunansa kamar yadda ake faɗinsa a wurin, da yadda Fulani da Zabarmawan wannan yanki ke kiransa in ya samu, da watan da yake fure, da abin da ake yi da shi, da karin magana ko tatsuniyar da ta rataya a kansa, ya kuma nemi izinin wanda ya sanar da shi domin a buga sunansa tare da bayanin. In aka ce masa wannan ba a yin komai da shi, ya rubuta hakan, kada ya jefar ya nemi wani. Waɗanda za su fara da rani suna da rawaya da gurjiya da gawo; masu son bado sai su jira ruwa ya hau, su nemi mai jirgi tun da dare.